Mutumin da ya sa wa Janairu sunansa

A watan Agusta na 2002, babbar majalisar jama'a ta ƙasar Turkumenistan ta zauna ta sauya sunayen watanni goma sha biyu na shekara, ta haɗa da kwanaki bakwai na mako. Janairu ya koma Turkumenbashi, laƙabin shugaban ƙasa na lokacin, Saparmurat Niyazov. Afrilu ya koma Gurbansoltan, sunan mahaifiyarsa. Satumba ya koma Ruhnama, sunan littafin da ya rubuta. Daga ranar, malamin makaranta da mai karanta labarai a talabijin da akawun da ke cike takardar haihuwa, kowa da sababbin sunayen yake aiki, har tsawon shekara shida.

Duk sa'ad da labarin Saparmurat Niyazov ya faɗo a hira ko a Facebook, da sigar barkwanci yake zuwa. A jero abubuwan da ya haramta, a yi dariya, a ce ai wannan taɓaɓɓe ne, a wuce. Ni kuwa ban yarda taɓaɓɓe ba ne. Mutumin da ya riƙe ƙasa shekara 21, ya ga bayan duk wanda ya ɗaga masa yatsa, ya kuma mutu a kan kujerarsa ba da harsashi ba, ya san abin da yake yi. Abin da ya fi damuna ma shi ne dariyar tana rufe mana ido daga ganin yadda dabarar take aiki.

An haife shi a 1940 a kusa da Ashgabat, babban birnin Turkumenistan, lokacin ƙasar tana cikin Tarayyar Sobiyet. Mahaifinsa bai dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ba. A Oktoban 1948 girgizar ƙasa ta kwantar da birnin Ashgabat kusan gaba ɗaya, ta tafi da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa maza biyu. Yana da shekara takwas. A gidan marayu ya tashi, ya je Leningrad ya karanta injiniyanci, ya shiga jam'iyyar kwaminis, ya yi ta hawa a hankali ba tare da hayaniya ba. A 1985 Gorbachev, jagoran Tarayyar Sobiyet, ya ɗora shi a kan jam'iyyar ta Turkumenistan. Ana yawan cewa maraicin nasa ne ya ja hankalin Mosko: a ƙasar da kowa ke jingine da ƙabilarsa da danginsa, ga mutum wanda ba shi da gayyar 'yan'uwa da zai cusa a ma'aikatu.

Akwai wasu alƙaluma guda biyu da nake ganin duk wanda zai fahimci ƙasar ya kamata ya riƙe su. A Maris na 1991 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ko a ci gaba da zama cikin Tarayyar Sobiyet, kusan kashi 98 cikin ɗari suka ce a zauna. A Oktoban shekarar aka sake wata kan ko a ɓalle, kashi 94 suka ce a ɓalle. Mutanen nan dai su ne, wata bakwai kacal tsakani. Ba ra'ayinsu ne ya juya ba. Shekara saba'in na mulkin kwaminis sun koya musu cewa akwatin zaɓe wuri ne da ake kai amsar da hukuma take so. Niyazov bai ƙirƙiro wannan tarbiyya ba, gadonta ya yi, ya kuma san darajar abin da ya gada.

Sai dai ya gaji matsala tare da ita. Hoton Lenin ya sauka daga bango, aƙidar da ake rantsuwa da ita ta mutu, kuma Turkumenistan ba ta taɓa zama ƙasa mai cin gashin kanta da waɗannan iyakoki ba; a 1924 aka zana ta. Mutane kimanin miliyan huɗu ne a lokacin, mafi yawan ƙasarsu hamadar Karakum, manyan ƙabilu biyar kowace da zanen dardumarta, waɗanda yanzu suke jere a jikin tuta. Me zai haɗa su? Amsar da ya bayar ita ce shi kansa. A 1992 ya tsaya takara shi kaɗai, aka ce ya sami kashi 99.5. A 1993 ya zama Turkumenbashi, wato shugaban dukkan Turkumawa, kuma a shekarar aka sauya wa birnin Krasnovodsk na bakin tekun Kasfiyan suna zuwa laƙabin nasa. A 1994 wata ƙuri'ar ta tsawaita wa'adinsa da kashi 99.9. A Disambar 1999 majalisa ta hutar da kowa, ta ce shi ne shugaba har mutuwa.

Fuskarsa ta hau kan takardun kuɗi. Ta hau kusurwar allon talabijin da launin zinare, ba ta sauka ko wane shiri ake yi. Tituna, makarantu, filin jirgin sama, har da wani dutse da ya faɗo daga sama a 1998, duk sun ci sunansa. A tsakiyar Ashgabat aka gina hasumiya mai tsayin mita 75, aka ɗora mata mutum-mutuminsa mai mita 12 da aka shafe da ruwan zinare, hannuwa a buɗe, da inji a ƙarƙashi da ke juya shi domin kullum fuskarsa ta kasance tana kallon rana. Kusa da nan a lokacin akwai abin tunawa da girgizar ƙasar 1948: wani ƙaton bijimi ya ɗauki duniya a kan ƙahonsa yana girgizawa, a sama wata mata ta ɗaga jariri na zinare don ya tsira. Ba sai an gaya wa kowa ko wane ne jaririn ba. Dubun-dubatar mutane suka mutu a wannan dare, amma abin da aka zaɓa a tuna shi ne yaro ɗaya da ya rayu.

Duk wannan Stalin ya yi irinsa, Kim Il Sung na Koriya ta Arewa ya yi wanda ya fi shi, Mobutu ma a Zayar an riƙa nuna shi yana saukowa daga cikin gajimare kafin labaran dare. Inda Niyazov ya zarce, a ganina, shi ne littafin.

Ruhnama ya fito a 2001, kashi na biyu a 2004. Cakuɗa ce ta tarihin rayuwarsa, da tarihin Turkumawa yadda ya ga dama ya tsara shi, da waƙoƙi, da nasihohi irin su a girmama iyaye, a riƙe tsabta, a yi murmushi. Da a kasuwa aka bar shi ya nemi masu saye, da ba wanda zai ji labarinsa. Amma sai aka mayar da shi darasi na dole tun daga firamare har jami'a, aka rage wa sauran darussa lokaci don a ba shi wuri. Mai neman shiga jami'a sai ya ci jarrabawarsa. Mai neman aikin gwamnati haka. Mai neman lasisin tuƙi ma sai ya amsa tambayoyi daga cikinsa. Aka gina wani ƙaton kwafinsa a wani dandali a Ashgabat, wanda a lokacin bangonsa ke buɗewa da inji da yamma. A 2005 aka saka kwafi a rokar Rasha aka harba shi sararin samaniya. A 2006 shugaban ya faɗa da bakinsa cewa ya roƙi Allah duk wanda ya karanta littafin sau uku ya shiga Aljanna.

Wa'iyazu billahi. Ƙasar nan fa ta Musulmi ce, Sunni, mabiya mazhabar Hanafiyya. An umarci masallatai su ajiye Ruhnama a fili kusa da Alƙur'ani, limamai su riƙa ambatonsa a huɗuba. A ƙauyen su Niyazov, Gypjak, kamfanin Bouygues na Faransa ya gina masa wani katafaren masallaci da aka buɗe a 2004, aka rubuta ayoyin Alƙur'ani a bangonsa gauraye da jimlolin Ruhnama. Babban muftin ƙasar, Nasrullah ibn Ibadullah, an tuɓe shi a 2003, a shekara mai bi aka yanke masa ɗaurin shekara 22 bisa zargin cin amanar ƙasa. Abin da masu bin al'amuran ƙasar suka ruwaito shi ne bai ba da haɗin kai yadda ake so ba a kan maganar littafin. Sai bayan mutuwar Niyazov aka sake shi, a 2007.

To, tambayar da kowa ke yi: shin mutanen sun yarda da wannan? Dattijon da ya haddace Fatiha tun yana yaro, da gaske ya gaskata cewa karanta littafin tsohon sakataren jam'iyyar kwaminis sau uku zai kai shi Aljanna? Likitar da ta yi karatu a Mosko ta yarda cewa Afrilu sunan mahaifiyar wani ne?

Ni ina ganin tambayar ce ba ta kan hanya. Mai mulkin kama-karya ba imaninka yake nema ba, don ba shi da hanyar auna abin da ke cikin zuciya. Abin da zai iya aunawa shi ne bakinka. In ya ce ka faɗi abin da yake gaskiya, ka faɗa, bai koyi komai game da kai ba, don ko ba tsoro za ka faɗe shi. Amma in ya ce ka faɗi abin da kai da shi duk kun san shirme ne, a gaban ɗalibanka, a gaban 'ya'yanka, ka kuma faɗa, to ya san ya same ka. Maƙwabcinka ma ya ji ka, kai ma ka ji shi. Gobe in ranka ya ɓaci kana neman wanda za ka yi wa ƙorafi, wa za ka amince wa? Kowa ka duba, jiya ka gan shi yana tafi. Wataƙila a ransa yana tsine wa abin kamar yadda kake yi, amma ba ka da hanyar sani, shi ma ba shi da ita. Shi ya sa girman shirmen ba aibi ba ne a wurin mai shi. Gwargwadon munin ƙaryar, gwargwadon ingancin jarrabawar.

Mu nan mun san maroƙi. Yana iya ce wa mutum giwa, ya ce masa hadari malafar duniya, alhali kowa a wurin ya san jiya aka gama yi masa ciko a kuɗin haya. Ba wanda ya ruɗu, don sana'a ce: ya wasa ka, ka ba shi, in ka hana shi gobe ya yi maka zambo, sauran jama'a kuma 'yan kallo ne. Abin da Niyazov ya yi shi ne ya kori 'yan kallon. Ya mayar da ƙasa sukutum maroƙa, ba ladan roƙo, ba damar zambo, kuma wanda ya yi shiru shi ne mai laifi.

A zamaninsa akwai rantsuwar da yara ke yi a makaranta, ake kuma bugawa a shafin farko na jaridu. Mai rantsuwa yana cewa in ya yi wa ƙasarsa mugunta ko ƙanƙanuwa hannunsa ya shanye, in ya yi mata ƙazafi harshensa ya bushe, in ya ci amanarta ko amanar tutarta ko ta Turkumenbashi numfashinsa ya yanke. Ka duba yadda aka ɗinke mutum ɗaya da ƙasa da tuta a jimla guda. Bayan wannan, ba sauran hanyar da za ka ce shugaba ya yi kuskure a kan farashin auduga ba tare da ka zama maci amanar ƙasa ba.

Wanda bai gane ba, an nuna masa a ƙarshen 2002. Ranar 25 ga Nuwamba aka buɗe wa ayarin motocin shugaban wuta a Ashgabat, bai ji ko ƙwarzane ba. Aka shiga kame, ba waɗanda ake zargi kaɗai ba, har da danginsu. Boris Shikhmuradov, wanda ya yi shekaru yana ministan harkokin waje kafin ya koma adawa, an nuno shi a talabijin yana karanta ikirarin laifi da murya kamar ba tasa ba, yana zagin kansa yana yabon shugaba. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Tun daga lokacin iyalinsa ba su sake ganinsa ba, kuma gwamnati ba ta taɓa fitowa ta nuna inda yake ba. A Satumbar 2006 wata 'yar jarida, Ogulsapar Muradova, ta mutu a tsare makonni kaɗan bayan an yanke mata hukunci. 'Ya'yanta da suka karɓi gawar sun ce sun ga raunuka a jikinta.

Waɗannan ba sa shiga jerin barkwancin. Abin da ke shiga shi ne ya hana wasan opera da rawar bale, ya hana samari tara gashi da gemu, ya ce a daina sa haƙorin zinare a riƙa gwaguyar ƙashi don haƙora su yi ƙarfi, ya hana shan taba a bainar jama'a bayan an yi masa aikin zuciya a Jamus a 1997 likitoci sun raba shi da ita. Duk gaskiya ne. Amma a shekarun nan dai, a 2004, ya sallami ma'aikatan lafiya 15,000 ya maye gurbin da yawansu da kuratan soja. A 2005 ya ba da umarnin a rufe asibitocin da ke wajen babban birni, ya ce mara lafiya ya zo Ashgabat, a ƙasar da ta fi rabin Nijeriya faɗi. Ya sa a rufe ɗakunan karatu na karkara, wai mutanen ƙauye ba sa karatu. Ya rage shekarun makaranta zuwa tara, wanda hakan ya sa takardar yaran ƙasar ta daina karɓuwa a jami'o'in waje, sannan ya ce digirin da aka samo a waje ba ya aiki a gida. A farkon 2006 tsofaffi kimanin 100,000 suka wayi gari an yanke musu fansho.

Ba wai abu biyu ne daban ba, gumakan zinare a gefe, rufe asibiti a gefe. Ɗayan ne ya haifi ɗayan. A zauren da aka yanke shawarar rufe asibitoci akwai likitoci, akwai ministan lafiya, akwai mutanen da iyayensu ke zaune a garuruwa masu nisan ɗaruruwan kilomita daga Ashgabat. Ba wanda ya ce uffan, sai rubutu suke a 'yan littattafansu, kamar yadda talabijin ke nuna su a kowane zaman majalisar ministoci. Mutumin da ya riga ya amsa cewa Janairu ba Janairu ba ne, da wane baki zai ce wannan shawara ba ta yi ba?

Don adalci, akwai abin da masu kare shi ke faɗa, kuma ba ƙarya ba ne. A zamaninsa gas da lantarki da ruwa da gishiri kyauta ne ga 'yan ƙasa, fetur kuma kusan kyauta. Maƙwabciyarsu ta yanki, Tajikistan, ta faɗa yaƙin basasa daga 1992 zuwa 1997, Afganistan da ke kan iyakarsu ba a ma magana, su kuwa sun kwana lafiya. Sai dai ƙasar tana cikin huɗu na farko a duniya wajen arzikin gas a ƙarƙashin ƙasa. Gishirin kyauta ba komai ba ne a kan abin da ke shigowa, kuma a 2006 ƙungiyar Global Witness ta bayyana cewa biliyoyin dalolin gas suna ajiye a wasu asusu a Deutsche Bank da ke Jamus, waɗanda shugaban ke juyawa ba tare da sun bi ta kasafin kuɗi ba. Turawan da ke yi masa dariya a jaridunsu, kamfanoninsu ne ke gina fadojin marmara. Wasunsu har ɗaukar nauyin fassara Ruhnama suka yi zuwa harsunansu don kwangila ta faɗo, shi ya sa littafin da ba mai karantawa don raɗin kansa ya fita a harsuna da dama. Su ma sun zauna jarrabawar, sun kuma ci.

Da wani gidan talabijin na Amurka ya tambaye shi game da hotuna da gumakan, cewa ya yi shi kansa ba ya son ganinsu a tituna, jama'a ne suke so. Wannan amsa ba baƙuwa ba ce a kunnen duk wanda ya yi wayo a Nijeriya kafin 1998. Mun ga gangamin matasa da aka kira na mutum miliyan biyu a Abuja a watan Maris na shekarar, ana roƙon Janar Abacha ya daure ya ci gaba da mulki, mun kuma ga jam'iyyu biyar da ake da su duk sun tsayar da shi ɗan takararsu, shi kuwa bai ce yana so ba, bai ce ba ya so ba. Ban ce ƙasashen biyu ɗaya ba ne. Mu jaridunmu ba su taɓa yin shiru gaba ɗaya ba, kuma ba a taɓa kawo mana littafin wani shugaba cikin masallaci ba. Amma salon iri ɗaya ne: mai gida ba ya nema, roƙonsa ake yi. Kuma masu shirya roƙon galibi ba umarni suke jira ba. Kowane gwamna yana so gunkin da ke jiharsa ya fi na maƙwabcinsa tsayi, kowane minista yana tsoron a ce yabonsa ya gaza na wanda ya yi magana kafin shi, sai abin ya riƙa hauhawa da kansa.

Niyazov ya mutu ranar 21 ga Disamba 2006, zuciya ce ta tsaya. An binne shi a Gypjak kusa da masallacin nan. Tsarin mulki ya ce shugaban majalisar dokoki ne zai riƙe ƙasa, amma a ranar aka buɗe masa fayil ɗin tuhuma, daga baya ya tafi kurkuku. Wanda ya hau shi ne Gurbanguly Berdimuhamedov, likitan haƙori, ministan lafiya tun 1997, wato mutumin da aka sallami ma'aikatan asibiti a ƙarƙashin ma'aikatarsa.

Da farko kamar an samu sauƙi. Ya mayar da fansho, ya mayar da shekara ta goma a makaranta, a 2008 watanni suka koma sunayensu, aka cire sunan marigayin daga taken ƙasa, a 2009 aka sauya takardun kuɗi. A 2010 aka sauke gunkin zinaren aka kai hasumiyar gefen gari, inda aka sake kafa ta amma ba juyawa. Ruhnama ya fice daga jarrabawa a hankali. Mutanen da suka yi shekaru suna rantsuwa numfashinsu ya yanke in sun ci amanar Turkumenbashi, ba wanda ya fito titi don an taɓa gunkinsa.

Sai sabon ya karɓi nasa laƙabin, Arkadag, majiɓinci. Ya fara fitar da littattafai a kan dawaki da shayi da darduma da itatuwan magani, ana karɓarsu da hannu biyu ana sumbata. A zaɓen 2012 aka ba shi kashi 97. A 2013 ya faɗo daga kan doki a gaban jama'a jim kaɗan bayan ya ci tsere, talabijin ɗin ƙasar bai nuna faɗuwar ba, jami'ai kuma suka bi waɗanda suka halarta suna neman a goge hotunan. A 2015 aka ƙaddamar da gunkinsa na zinare a kan doki bisa wani tsaunin marmara, majalisa ta ce jama'a ne suka nema. A 2020 aka ƙara da na karen da ya fi so, shi ma na zinare, mai mita shida. A Maris na 2022 ɗansa Serdar ya zama shugaban ƙasa da kashi 73, a Janairun 2023 uban ya haɗa shugabancin babbar majalisar jama'a da muƙamin jagoran al'umma, sannan a shekarar aka buɗe sabon birni da aka gina daga tushe a kusa da Ashgabat, aka sa masa suna Arkadag.